Kwanon Inna Ya Dawo

Zuwa ga ƙanwata kuma aminiyata, Dakta Rifkatu,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina cikin hutun da aka yi wa masu aminci alkawari. Mu nan Greensboro muna nan ƙalau. Baban Ishaku yana gaishe ki, ko da yake bai san ina rubuta wannan ba. Ishaku ya yi aure, kuma har yau in na yi masa Hausa da Turanci yake amsa mini, matarsa ma ta fi shi ƙoƙari. Sanyi ya fara shigowa, ganyen itatuwan bayan coci ya yi ja yana zuba, gwiwata kuma ta soma ƙorafin da ta saba.

Bayan gaisuwa, dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa kwanon Inna ya dawo. Ranar Asabar ta makon jiya aka kawo mini shi har ƙofa. Shekara tara ke nan da tafiyarki, shekara tara kuma ina ɗauke da wata magana da na faɗa miki a kan kwanon nan, wadda ban taɓa neman gafararki a kanta ba. Na san 'yan zumuntar mata za su karanta wannan a wayoyinsu, har da masu son jin ƙwaƙwaf. Su karanta. A gaban mutane na yi miki laifin, gara in nemi gafarar a gabansu.

Kin tuna ranar da muka haɗu? A wani babban kanti ne a kan titin Wendover. Ina tsaye ina yi wa Ishaku faɗa ya sauko daga kan keken sayayya, sai na ji an ce "sannu Mama" daga bayana. Na juya na ga wata siririyar yarinya da tabarau, tana riƙe da buhun shinkafa kamar za ta faɗi da shi, idonta cike da hawaye don kawai ta ji Hausa. Na ce ni ba Mamarki ba ce, ban tsufa haka ba. Tun daga ranar kika koma ce mini Yaya. Da muka yi tambaye-tambaye, ashe garinku da namu rafi ɗaya ya raba. Kafin wata ya ƙare kin kwaso akwatinki daga ɗakin 'yan makaranta kin tare a ɗakinmu na baya, kika cika shi da littattafai har ba wurin taka ƙafa.

Da kika gama karatun kika fara koyarwa a jami'a, na ɗauka za ki huta. Ina! Sai ga ki da wani sabon aiki, wai za ki binciki yadda mutanen Latino, baƙin nan masu jin Sifaniyanci, suke shiga harkar siyasa a ƙasar nan: wa yake jefa ƙuri'a, wa ba ya jefawa, wa yake zuwa taron makarantar yara, me yake hana sauran. Na ajiye muciya na dube ki. Na ce me ya haɗa kifi da kaska? Duk matsalar da ke arewacin Najeriya ba ta ishe ki ba, sai ta 'yan Meksiko? Kika gyara tabarau kika ce mini ba duka ne 'yan Meksiko ba, kika fara jero mini ƙasashe har tuwona ya kusa kamawa. Abu ɗaya na riƙe cikin duk abin da kika faɗa ranar: "Yaya, su ma baƙi ne kamar mu, kuma 'ya'yansu da namu layi ɗaya za su tsaya."

Kika koyi Sifaniyanci a kicin ɗina. Kina wanke-wanke kina maimaita kalmomi da ƙarfi, Baban Ishaku yana leƙowa yana tambaya ko lafiya.

Makon farko da kika fita, da takardunki kika fita. Fom-fom a cikin jaka, biro a wuya, katin jami'a a ƙirji. Kika bi gidajen haya na bayan Wendover, kika wuce can wajen McLeansville inda gidaje suke jefi-jefi a cikin gonaki. Ba wanda ya buɗe miki. Kin ce kina ganin labule yana motsi, kina jin an kashe rediyo, amma ƙofa shiru. To mutumin da ba shi da takardun zama, ya hango baƙuwa da takarda a hannu, me zai ɗauka in ba hukuma ba? Kika dawo ranar Juma'a da yamma kika zauna a kan kujerar kicin, kika ce aikin ya mutu tun bai fara ba.

Ni kuwa ko lallashinki ban yi ba, kin san halina. Na ce ke wa ya raine ki? A garinku haka ake shiga gidan mutane, hannu rabbana, ba gaisuwa, ba tambayar yara, sai dai a zaro takarda? Duk bokon nan bai koya miki cewa zumunci a ƙafa yake ba? Washegari na tashi na soya masa, na yi miyar taushe, na zuba a kwanon samira mai murfi na ɗaure da ɗankwali. Na ce ki bar jakar nan a mota. Ki gaishe su, ki ba su, ki juyo. Kada ki tambaye su ko sunansu.

Bayan mako guda kika koma karɓar kwano, aka buɗe miki, aka ba ki kujera. Kika dawo gida kina rawa tun daga bakin mota, kwano cike da wani abu mai kama da alala amma na masara, a naɗe cikin ɓawon masara. Tamale suke ce masa. Kin ce da kika gaya wa matar gidan cewa a wurinmu ba a mayar da kwano wofi, dariya ta yi ta ce su ma haka kakarta ta koya mata. Na ɗanɗana na ce gishiri bai ji ba, amma guda huɗu na ci.

Daga nan aikinki ya samu hanya. Zuwan farko gaisuwa da abinci. Zuwa na biyu karɓar kwano da hira. Sai a na uku kike fito da littafinki, shi ma sai kin nemi izini. Ni ce mai girki, tunda ke ko ruwan zafi kika ɗora sai ya ƙone. Kwanukana na aure suka shiga gari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗiga musu jan farce a gindi, ɗigo uku, kamar yadda muke yi a gida lokacin biki don kada kwano ya ɓace. Duk Asabar gidana ƙamshin masa, duk Lahadi firijina cike da abincin da ban san sunansa ba. Kai, Rifkatu, waɗannan shekarun sun yi daɗi. Ina ta mita a lokacin, amma Allah ya sani sun yi daɗi.

A kan teburin nan kike ba ni labarin abin da kika gano, ina tsinke alayyafo ina ji da rabin kunne. Kin ce yawancin masu bincike ta waya suke kira, wanda ya katse wayar sai su rubuta cewa bai damu da siyasa ba, alhali shi ne ya fi kowa abin faɗa. Kin ce akwai uwar da ba ta da ikon jefa ƙuri'a, amma ita ce take tayar da ɗanta da sassafe ta tura shi rumfar zaɓe, ita ce take dafa abincin taron unguwa, kuma ba wanda ya taɓa lissafa ta. Kin ce mutum ba ya fita zaɓe don an aiko masa da takarda, sai in wanda suka ci abinci tare ya ce masa zo mu je. Sunan mutum ɗaya kuwa ban taɓa ji daga bakinki ba, balle lambar gida. In na matsa sai ki ce, "Yaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Kika juyo kaina ma. Na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa tun kafin ki zo, amma ban taɓa yin rajistar zaɓe ba. Na gaya miki na ga zaɓe a gida, na ga abin da yake biyo bayansa, ya ishe ni har in mutu. Ba ki taɓa yi mini wa'azi ba. Sai dai duk lokacin zaɓe ki dawo da ɗan tambarin nan da ake manna wa mutum a riga in ya jefa ƙuri'a, ki liƙa mini a jikin firiji, ni kuma in ɓare.

Yanzu bari in zo kan kwanon Inna, tunda masu karatu ba duka suka san shi ba. Fari ne mai jan fure, bakinsa ya ɗan ɓantare a inda ya taɓa faɗuwa a bakin rijiya. Inna ta miƙo mini shi ta tagar mota a tasha ranar da zan baro gida, cike da dakuwa. Ban sake ganin Inna ba. Da ta rasu takarduna ba su fito ba, ban je jana'izarta ba. Kwanon nan shi ne abin da ya rage mini nata, shi ya sa ba na zuba komai a ciki, yana can saman kabad. Wata Asabar ina wurin aiki a sito, kwanuka duk suna waje, kika zo daga gidan da kika kama haya don ɗaukar masa. Baban Ishaku, Allah ya shirye shi, ya hau kujera ya sauko miki da shi. Ke ba ki san labarinsa ba, shi kuma ya manta.

Da na dawo na ga gurbinsa, kin rantse mini za ki karɓo shi cikin mako. Mako ya wuce, wata ya wuce, wata uku. Kullum sai ki ce in ƙara haƙuri. Na ce to ki faɗa mini gidan in je da ƙafata. Kika ce ba za ki iya ba. Ni Asabe, da na ba ki ɗaki, na ba ki tuwo, na yi jinyarki lokacin da sanyin ƙasar nan ya kusa kashe ki, ni za ki ɓoye wa lambar gida? Me zan yi da ita, hukuma zan kai wa?

Ranar Lahadin nan, bayan an tashi daga sujada, a filin ajiye motoci na tare ki. Mata suna tsaye da jakunkunansu. Ba zan rage komai ba, zan rubuta yadda na faɗa. Na ce kin fifita bare a kan naki. Na ce tunda su ne danginki yanzu, sai su binne ki.

Kin cire tabarau kin goge da bakin gyalenki, kin shiga mota. Ni kuma na daina suyar masa.

Wata biyar muna gaisuwar nesa. Sai ga waya daga fasto, wai kina asibiti, wai ciwon ya daɗe yana cinki kin ɓoye. Na je da kunun gyaɗa. Na yi ta zuwa, na wanke ki, na shafa miki mai a ƙafa, na raka ki ɗakin da ake ƙara miki magani. Mun yi hirar gida, mun yi hirar Ishaku, mun yi waƙoƙin zumunta. Kwano kuwa ba wadda ta ambata. Kullum in na kama hanyar asibiti sai in ce yau zan faɗa, in na shiga na ga yadda kika rame sai in fasa. Na ce bari ki ɗan samu sauƙi tukuna. Ba ki samu ba.

Ranar jana'izarki cocinmu bai taɓa cika haka ba. Kujerun baya duk su ne, maza da kayan aikin gini a jikinsu, mata da goyo, tsofaffi da hula a hannu. Wasu ko shiga ba su yi ba, suna tsaye a waje cikin iska. Da aka zo ɗaukar akwati, maza huɗu daga cikinsu suka matso suka roƙi a bar su su kama. Ina tsaye ina kallo, maganata tana cika a gaban idona kalma bayan kalma. Wayyo Rifkatu, da ƙasa ta tsage ranar da na shige. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yarinya, amma ban san nauyinta ba sai a bakin kabarinki.

Bara waccan jami'arku ta yi taron tunawa da ke, aka aiko mini da kati. Na sa atamfata na zauna a layin gaba kamar na san abin da ake yi. Malamai sun zo daga jihohi masu nisa. Wani farfesa mai furfura ya ce kafin rubuce-rubucenki, lissafin ƙuri'a kawai suke yi, ke kika sa suka fara duban waɗanda ba sa cikin lissafin. Wata matashiya ta ce a makarantarsu yanzu ba a barin ɗalibi ya fito da takarda a zuwan farko, har wani dogon suna suka ba abin da Turanci. Na ce a raina, tabɗi, masata ce fa ake yi wa wannan Turancin. Na yi dariya ni kaɗai, daga nan kuma kuka ya ƙwace mini. Duk yabon nan da aka yi miki bai rage mini komai ba, don ba shi nake bukata ba. Ni dai so nake in san ko kin tafi da maganata a ranki.

To ranar Asabar ɗin nan da hantsi, ina shanya a baranda, wata mota ta tsaya. Wata mata ta fito, gajera, mai jiki, gashinta ya fara fari, rungume da wani abu a naɗe cikin tawul. Zan kira ta Ofelia. Ba sunanta ke nan ba, na canza kamar yadda kike yi a littattafanki. Ta tambaya ko ni ce Yaya. Haka ta faɗa, Yaya, ta ɗauka sunana ne. Ta buɗe tawul.

Ban ma nemi ɗigon jan farce ba, ɓantaren bakin nan ya ishe ni. Kin san abin da na fara yi? Faɗa. Na hau matar nan da Hausa da Turanci a gauraye, ina aka taɓa riƙe kwanon mutane shekara goma, ba ta da tsoron Allah ne? Ita kuwa tana tsaye tana murmushi hawaye yana zuba, kamar wadda aka ba kyauta. Da na gaji na ja ta ciki na ɗora shayi.

Da ɗan Turancinta da ɗan nawa muka fahimci juna. A makon da kika kai mata masar aka kama mijinta a hanyar aiki aka fitar da shi daga ƙasar. Ta kwashi yara ta gudu, ba ta gaya wa kowa inda ta nufa ba. Gida uku ta canza, ta bar katifa, ta bar tukwane, amma kwanon yana cikin kayanta don ba nata ba ne. Ashe duk watannin da nake zaginki, ke ma ba ki san inda take ba, kina ta bin gonaki kina nemanta, kuma ba ki da bakin gaya mini dalili.

Ta ce daga baya kin same ta. Kin je da ɗankwali a kai, kin rame har ba ta gane ki ba da farko. Na lissafa, lokacin da nake jinyarki ne, ranar da kika ce mini za ki ofis ɗauko wasu takardu. Ta ɗauko kwanon za ta ba ki, kika ƙi karɓa. Kika ce na mahaifiyar yayarki ne, ta kula da shi, kuma ba a mayar da shi wofi. Kika ce ta riƙe har ranar da za ta jefa ƙuri'arta ta farko, sannan ta kai wa mai shi da hannunta. Kika rubuta mata lambar gidana. Ke da ba ki taɓa ba da lambar gidan kowa ba, tawa kika bayar.

Sai ta faɗa mini abin da kika ce game da ni, ta haddace shi tsaf: "Za ta yi miki faɗa, kada ki ji tsoro. Bakinta ne kawai. In ta gama za ta ba ki abinci."

Rifkatu, a nan na zauna a ƙasan kicin. Bayan maganar filin mota kika faɗi haka. Bayan na ce su binne ki. Shekara tara ina tambayar Allah ko kin yafe, ashe amsar tana naɗe cikin tawul a gidan wata baiwar Allah, tana jiran takardu su fito. Amma ke ma muguwa ce, wallahi. Kin ɗauka abin shekara biyu ne ko uku? Kin fi kowa sanin yadda takardun ƙasar nan suke tafiya.

Cikin kwanon tamale ne, har da ɗumi. A kan murfin kuma ta manna tambarin nan, na safiyar ranar, don daga rumfar zaɓe ta wuto gidana. Bayan mun ci, ta dubi firijina ta tambaye ni ina nawa. Na fara kame-kame. Ta ce ranar Litinin ba ta da aiki, kuma a kwanakin nan da ake buɗe rumfuna kafin babbar ranar zaɓe, ana rajista a jefa a rana ɗaya, za ta zo mu je. Ashe ni ma kin sa ni cikin bincikenki ban sani ba. Mun ci abinci tare, ta ce zo mu je, na kuwa bi ta kamar tunkiya. Tambarina yana jikin firiji yanzu, a daidai inda nake ɓare naki.

Ki gafarce ni, ƙanwata. Na san kin riga kin yi, amma bakin da ya faɗi waccan shi ya kamata ya faɗi wannan. Ba bare kika fifita ba, amana kika riƙe, ni ce ban gane ba.

Kwanon kwana huɗu ya yi a saman kabad. Na yi ta dubansa, sai na ga bai dace da wurin ba kuma. Jiya na jiƙa shinkafa, yau da safe na sauko da tandar da na jingine tun waccan Lahadi, na soya masa, na cika shi, na ɗaure da ɗankwali, na kai wa Ofelia da kaina. Da na dawo Baban Ishaku ya ga gurbin, ya zaro ido ya ce ina kwanon Inna kuma, wane gida na kai shi? Na ce masa yana inda yake, zai dawo. Ya yi tambayar duniyar nan, ban faɗa masa ba. Ku ma masu karatu kada ku wahalar da kanku.

Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya haskaka fuskarsa a kanki. Ya tsare waɗanda kika shiga gidajensu, ya haɗa waɗanda aka raba da iyalansu. Ya ba ɗalibanki haƙurin zuwa sau uku. Ni kuma ya kama mini harshena a sauran kwanakin da suka rage, har ranar da za mu sadu. In kin ga Inna ki gaishe ta, ki ce mata kwanonta yana aiki. Amin.

Taki da ba ta daina kewarki ba,
Yayarki Asabe, Maman Ishaku